Na'urar sanyaya ɗaki mai gida biyu da rangwamen jihar Victoria: abin da na gani bayan hunturu da bazara

Duk mazaunin Melbourne, ko wani gari na jihar Victoria a ƙasar Ostireliya, da ya fara neman na'urar sanyaya ɗaki mai gida biyu, wato wadda ake kafa rabinta a bangon ɗaki rabinta kuma a waje, zai yi ta cin karo da tallace-tallacen da ke cewa gwamnati za ta ɗauke masa kaso mai tsoka na kuɗin. Maganar tana da tushe, domin rangwamen na gaskiya ne, kuma da shi muka sanya guda biyu a gidanmu, babba a falo da ƙarama a ɗakin kwana, bayan an kashe tsohuwar hitar gas da ke hura ɗumi ta bututun ƙarƙashin daɓe. Mun yi hunturu da su, mun yi bazara da su, kuma na gamsu da sayen. Sai dai gamsuwar ta samu ne saboda an fara da zaɓen na'urar da wanda zai kafa ta, aka bar zancen rangwame daga baya. Wanda ya sa rangwame a gaba yana iya ƙarewa da na'urar da ba ta dace da gidansa ba, a farashin da idan aka yi lissafi da kyau ba shi da arhar da yake zato.

Mu da muka tashi a Kano ko Maraɗi mun san wannan na'ura a matsayin maganin zafi kawai, amma a Melbourne babban aikinta ɗumama gida ne. Gaskiya ne garin yana yin zafi mai tsanani, har ya taɓa kai digiri 46.4 a ranar 7 ga Fabrairun 2009, amma irin wannan zafi yakan zo ne na 'yan kwanaki, sai iska ta juyo daga kudu gari ya huce cikin sa'a guda ko biyu. Sanyi kuwa zama yake yi. Hunturu a hukumance daga Yuni ne zuwa Agusta, amma tun watan Mayu ake fara kunna hita, wani lokaci har ƙarshen Satumba, kuma a watan Yuli dare yakan sauka wajen digiri 6, rana kuma da kyar take wuce 13 ko 14. Ga shi da yawa daga tsofaffin gidajen garin ba a gina su don riƙe ɗumi ba, iska na shiga ta ƙasan ƙofa da gefen taga. Saboda haka wanda zai saya a nan, ya dubi ƙarfin na'urar wajen ɗumamawa kafin ya dubi ƙarfinta wajen sanyayawa, kuma ya tabbatar irin wadda ke aiki ta fuska biyu ce, domin ita ce tsarin rangwamen ya fi mayar da hankali a kanta.

Dalilin da ya sa gwamnati ke ƙarfafa wannan na'ura yana cikin yadda take aiki. Ba ta ƙona komai don ta samar da zafi, kwaso shi take yi daga wani wuri ta kai wani wuri, kamar yadda firji ke fitar da zafin cikinsa ta baya. Da bazara tana kwashe zafin ɗaki ta zubar a waje, da hunturu kuma sai ta juya, ta tattaro ɗan ɗumin da ke cikin iskar waje, ko da iskar tana da sanyi ƙwarai, ta shigo da shi ɗaki. Shi ya sa kowane ma'auni ɗaya na wutar da ta sha yake iya zama ma'auni uku zuwa biyar na ɗumi. Ƙaramar hitar lantarki da ake jonawa a soket, ɗaya take sha ɗaya take bayarwa. Hitar gas kuwa ba ta ma iya mayar da dukkan abin da ta ƙona ya zama ɗumin ɗaki, kuma idan irin mai bututu ce, wani kaso yana salwanta a hanya kafin ya iso, musamman idan bututun ya tsufa ya yage a ƙarƙashin gida inda ba mai gani. Akwai kuma batun lafiya, domin tsofaffin hitocin gas na iya fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, abin da ya sa hukumar Energy Safe Victoria ke ba da shawarar a riƙa kiran ƙwararre ya duba su aƙalla duk shekara biyu.

Girman na'urar shi ne wurin da na fi ɓata lokaci, kuma shi ne wurin da na ga mutane sun fi yin gaggawa. A kasuwannin gida da ƙarfin doki ake ciniki, a nan kuwa da kilowat: mai doki ɗaya ta yi daidai da kilowat 2.6 ko kusa da haka, mai doki ɗaya da rabi kuma wajen 3.5. Lambar ba ta nufin wutar da na'urar ke sha, tana nufin yawan sanyi ko ɗumin da take iya bayarwa, don haka mai kilowat 2.5 ba ta kai kilowat ɗaya ba a abin da take ja daga mita a aikinta na yau da kullum. Ƙungiyar kare masu saye ta CHOICE tana ba da ƙiyasin farko cewa ɗakin da bai wuce murabba'in mita 20 ba yana buƙatar kilowat 2 zuwa 2.5, mai 20 zuwa 40 yana buƙatar 2.5 zuwa 5, mai 40 zuwa 60 kuma 4 zuwa 6. Faɗin tazarar da ke cikin waɗannan lambobi shi kansa yana nuna cewa awon daɓe kaɗai bai isa ba. Tsayin silin, da girman tagogi da inda suka fuskanta, da ko akwai abin tare zafi a cikin rufi, da ko falon a haɗe yake da kicin da baranda ba ƙofa, duk suna sauya lissafin. A wannan ɓangare na duniya rana ta arewa take bi, saboda haka tagar arewa alheri ce da hunturu, tagar yamma kuma ita ce masifar yammacin bazara.

A nan ne na fara bambance masu sana'ar. Wani kamfani, wanda tallarsa ta fi ta kowa ambaton rangwame, ya nemi in tura masa hotunan falon ta waya, kuma kafin in gama bayani ya riga ya yanke girman da zai kawo, ya kuma ce farashin na wannan makon ne kawai. Wanda muka ba aikin daga ƙarshe ya zo da kansa, ya auna falon da abin awo, ya jingina tsani ya leƙa cikin rufi da tocila, ya sauko da ƙura a kafaɗarsa ya ce abin tare zafin da ke can ya kwanta ya yi siriri, sannan ya tsaya gaban babbar tagar yamma ya tambayi ko muna da niyyar sanya mata rumfa ko labule mai kauri. Ya buɗe akwatin rarraba wuta ya duba ko zai ɗauki sabon layi. Sai bayan duk wannan ya faɗi girman da yake gani, ya kuma bayyana dalili: idan na'ura ta yi wa ɗaki kaɗan, za ta yi ta aiki da iyakar ƙarfinta ba ta kai ga abin da aka nema ba, idan kuma ta yi masa yawa ƙwarai, za ta riƙa tashi tana mutuwa a kai a kai, ɗaki ya riƙa yin zafi da sanyi, kuma da bazara ba za ta daɗe tana aiki har ta tsotse damshin iska ba. Na'urorin zamani masu inbata suna rage gudu su ƙara gwargwadon buƙata, amma kowace tana da iyakar da ba ta iya sauka ƙasa da ita.

Takardar taurari da ke manne a jikin na'urar ta cancanci a tsaya a karanta ta da kyau, domin a ganina ita ce abu mafi amfani da gwamnatin tarayya ta yi wa mai saye a wannan fanni, fiye ma da wasu rangwamen. Sabuwar takardar, wadda ta fara yaɗuwa daga 2019 zuwa 2020, ta raba ƙasar gida uku, yankin zafi kamar Brisbane da Darwin, matsakaici kamar Sydney da Adelaide da Perth, da yankin sanyi wanda ya ƙunshi Melbourne da Canberra da Hobart. Kowane yanki da taurarinsa, shuɗi na sanyayawa, ja na ɗumamawa, tare da ƙiyasin wutar da na'urar za ta sha a shekara. Mazaunin Melbourne layin ƙasa na yankin sanyi zai duba, kuma jajayen taurarin ne nasa. Akwai wata lamba da idon mutum ke saurin tsallakewa, wato ƙarfin ɗumamawa idan waje yana digiri 2, wadda aka rubuta kusa da ta digiri 7. Na'urori biyu na iya yin kunnen doki a digiri 7, amma ɗaya ta yi rauni sosai a digiri 2, kuma safiyar da ake digiri 2 ita ce safiyar da aka fi buƙatarta. Takardar tana kuma nuna ƙarar da gidan ciki da na waje ke yi, abin da ke da muhimmanci ga ɗakin kwana da kuma zaman lafiya da maƙwabci.

Game da kamfanoni ba zan tsawaita ba. Sunayen da masu kafawa suka fi ambata su ne Daikin, Fujitsu, Panasonic, Mitsubishi Electric da Mitsubishi Heavy Industries, kuma waɗannan biyun na ƙarshe kamfanoni ne daban-daban duk da kamannin suna. Mun ɗauki na Mitsubishi Heavy Industries, samfurin Bronte mai kilowat 7.1 a falo da Avanti mai 2.5 a ɗakin kwana, saboda lambobinsu na yankin sanyi sun yi mini, kuma mai kafawar ya saba da su, ya san inda ake samun kayan gyaransu. Da ya kawo ɗaya daga sauran a irin wannan matsayi, da ban ƙi ba. Abin da na guje wa shi ne sunan da ban taɓa ji ba, wanda ba wanda zai iya gaya mini wa zai zo idan allon lantarkinsa ya ƙone bayan shekara shida. Kusan duk sababbin suna amfani da iskar sanyi, wato sinadarin da ke zagayawa cikin bututun na'urar yana ɗaukar zafi, irin ta R32, wadda illarta ga ɗumamar yanayi take kusan kashi ɗaya bisa uku na tsohuwar R410A, wato 675 a kan 2,088 a ma'aunin da ake amfani da shi, kuma tun 1 ga Yulin 2024 Ostireliya ta hana shigo da ƙananan na'urori masu iskar da ta haura 750.

Shi kuwa rangwamen, sunan shirin Victorian Energy Upgrades, ana taƙaita shi da VEU. Ya fara aiki a 2009 ƙarƙashin wata doka ta 2007, kuma hukumar Essential Services Commission ce ke sa ido a kansa. Mutane da yawa suna zaton cike takarda ake yi a aika wa gwamnati ta turo kuɗi a asusu, alhali tsarin ba haka yake ba. Doka ta ɗora wa manyan kamfanonin sayar da wuta da gas nauyin miƙa wasu takardun shaida kowace shekara, kowace takarda ɗaya tana wakiltar tan ɗaya na hayaƙi mai ɗumama yanayi da aka kauce wa fitarwa. Idan aka cire hitar gas a gidanka aka sa na'ura mai tsimin makamashi, aikin yana haifar da adadin irin waɗannan takardu, kai kuma sai ka sa hannu ka sallama haƙƙinsu ga kamfanin da hukumar ta amince da shi, shi ya sayar da su a kasuwa, ya rage maka farashi tun a takardar ciniki. Kamfanonin wutar kuma suna mayar da abin da suka kashe cikin kuɗin wutar kowa da kowa, don haka wanda bai taɓa amfana da shirin ba, shi ma yana biya.

Fahimtar wannan ita ce ta buɗe mini ido a wajen ciniki, domin abubuwa da dama suna fitowa daga cikinta. Rangwamen ba shi da tsayayyen adadi, yana hawa yana sauka da farashin takardun a kasuwa. Yana kuma bambanta da abin da aka cire da abin da aka sa: wanda ya kashe hitar gas mai bututu da ke ɗumama gida duka ya fi samun kaso mai yawa nesa ba kusa ba, wanda ya cire ƙaramar hitar ɗaki ɗaya ya samu ƙasa da haka, wanda kuma bai cire komai ba abin da zai samu kaɗan ne. Sannan kamfani ne ke yanke nawa zai sakar maka daga darajar takardun bayan ya cire ladansa. Ba a duba yawan albashin mutum kafin a ba shi, amma dole na'urar ta kasance cikin rajistar kayayyakin da hukumar ta amince da su, dole kuma aikin ya bi ta hannun kamfani mai izini tun daga farko. Wanda ya sayo na'ura a kanti ya kira wani ya kafa masa, sannan ya zo neman rangwame daga baya, ya makara. Haka nan duk wanda ya ce zai sa maka kyauta, a yi hattara da shi, domin ƙa'idar yanzu ta wajabta mai gida ya biya wani mafi ƙarancin kaso daga aljihunsa.

Shirin ya sha suka, kuma sukar ba ta rasa dalili ba. A 2022 an yi ta ba da labarin yadda wasu kamfanoni suka riƙa jibge wa masu shaguna firjojin da ba su nema ba don kawai su samar da takardu, har gwamnati ta dakatar da wannan ɓangare. Yawan damun mutane da kiran waya da buga ƙofa ya kai ga an haramta tallar shirin ta kiran da ba a nema ba daga 1 ga Mayun 2024, aka haramta bi gida-gida daga 1 ga Agustan shekarar. Wannan ya ba mai saye ma'auni mai sauƙi: duk wanda ya kira ka haka kawai, ko ya tsaya a ƙofarka yana cewa gwamnati ce ta aiko shi da zancen rangwamen, ya riga ya karya ƙa'ida kafin ya taɓa bangon gidanka, kuma ba shi ne za ka damƙa wa wayoyin wutar gidanka ba. Ina jin takaicin wannan ƙwarai saboda waɗanda aka fi cuta su ne tsofaffi da baƙin da Turancinsu bai nuna ba, waɗanda da sun ji an ambaci gwamnati sai su sa hannu.

Da takardun farashi suka taru a hannuna, sai na daina kallon layin da aka rubuta rangwame, na koma kallon abin da zai fita daga aljihuna a kan na'ura iri ɗaya da aiki iri ɗaya. Takardar da ta fi kowace nuna babban rangwame ita ce ta fi kowace kumbura farashin asali, kuma na'urar da ke cikinta ba a rubuta lambar samfurinta ba, an dai ce mai kilowat kaza. Da na nemi lambar don in duba ta a rajista in kuma ga taurarinta, sai aka fara kewaye-kewaye. A wata takardar kuma farashin ya yi kyau, amma a ƙananan rubutun ƙasa an ce ya shafi kafawa ta baya-da-baya ne kawai, wato gidan ciki da na waje suna jingine da bango ɗaya da ɗan gajeren bututu, duk abin da ya ƙaru a kan haka, ko tsawon bututu, ko maƙalar bango, ko sabon layin wuta, ko toshe bututun gas da rufe ramukan daɓe, kuɗinsa daban ne, kuma sai ranar aiki za a faɗa. Takardar kirki ita ce wadda ta rubuta lambar samfuri, da wurin da za a ajiye kowane gida, da tsawon bututu, da aikin wuta, da abin da za a yi da tsohuwar hita, da adadin rangwame a layinsa, da garantin na'ura daban da garantin aikin hannu. Manyan kamfanonin suna ba da garantin shekara biyar, kuma dokar kare masu saye ta ƙasar tana nan a bayan wannan.

Ranar kafawa na tsaya na kalli aikin, kuma abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne lokacin da aka gama haɗa bututun tagulla, ma'aikacin ya jona wani ƙaramin famfo mai ma'auni ya bar shi yana ta zuƙe iska da damshin da ke cikin bututun, ya ƙi sakin iskar sanyin sai da ya kashe famfon ya zuba wa ma'aunin ido ya tabbatar ba ya motsi. Masu gaggawa sukan taƙaita wannan mataki, kuma illarsa ba ta fitowa sai bayan shekaru, lokacin da kwamfuresa, wato injin da ke cikin gidan waje, ta fara gazawa. Ya ɗora gidan waje a kan ƙafafun roba nesa da tagar maƙwabci, ya bar masa sarari ta baya, ya karkata bututun ruwa zuwa magudana, sannan ya zuba ruwa a tiren gidan ciki don ya ga ya fita ta inda ya kamata. An ɗauki hotunan tsohuwar hita da sababbin na'urorin saboda shaidar da hukumar ke buƙata. Mai taɓa iskar sanyi dole ya riƙe lasisin hukumar Australian Refrigeration Council, wanda ake gane shi da alamar ARCtick, aikin wuta na ma'aikacin lantarki mai lasisi ne wanda zai ba da takardar shaidar amincin aikin, gas kuma sai mai lasisin gas. A karɓi waɗannan takardu a adana, domin ranar da garanti ko inshora suka taso, su za a fara tambaya.

A zaman yau da kullum, ta falon tana ɗumama wurin cikin ɗan lokaci idan aka karkata fikafikanta ƙasa, tunda iska mai ɗumi sama take tashi, kuma da ta kai inda aka sa ta sai ta rage gudu har a manta tana aiki. Ta ɗakin kwana a ƙaramin gudu da kyar ake jin ta. Akwai halaye na duk irin wannan na'ura, ko ta wane kamfani ce, da ya kamata a sani tun kafin a saya. Da asubar da sanyi ya yi tsanani, ƙanƙara takan taru a gidan waje, sai na'urar ta dakatar da hura ɗumi na 'yan mintoci ta narkar da ita, har a ga tururi na tashi da ruwa na zuba a waje. Ba lalacewa ba ce. Ɗuminta na iska mai motsi ne, wanda ya zauna daidai saitinta zai ji bushewa a ido da maƙogwaro, don haka wurin da aka kafa ta yana da muhimmanci, kada ta fuskanci gado ko kujerar da aka fi zama. Babban abin da aka rasa idan aka bar hita mai bututu shi ne ɗumin gida duka: baranda da banɗaki da ɗakin da ba a sa wa na'ura ba suna zama da sanyinsu. Iyali mai yara da yawa a ɗakuna daban-daban ya kamata su yi wannan lissafi da gaske, su duba ko na'ura mai gidan waje ɗaya da gidajen ciki da yawa, ko mai bututu ta lantarki, ta fi dacewa da su, duk da cewa sun fi tsada.

Da bazara ba ni da abin cewa sai yabo. A ranakun da iskar arewa mai zafi ke busowa, idan aka rufe labule aka kunna ta tun kafin bango ya ɗauki zafi, falon yana zama daram a digiri 25 ko 26 ba tare da ta yi ta ruri ba.

Kuɗin wuta ya ƙaru da hunturu, wannan ba makawa, amma kuɗin gas ya faɗi fiye da yadda na wutar ya hau, kuma a jimlar biyun ne ake ganin ribar. Yawan ribar ya dogara da hannun mai riƙe da rimot. Shawarar hukumomin makamashi ita ce digiri 18 zuwa 20 da hunturu, kuma kowane digiri ɗaya da aka ƙara yana iya ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na wutar da ake sha, saboda haka wanda ya sa ta a 26 yana yawo da singileti a watan Yuli kada ya zargi na'urar. Wanke ragar tace ƙura duk bayan 'yan makonni, da toshe ƙasan ƙofofi, da gyara abin tare zafin rufi, suna ƙara mata ƙarfi fiye da yadda ake zato. Mai faifan sola a rufi yana da ƙarin riba idan ya ɗumama gidan da rana. Sannan muddin murhu ko tukunyar ruwan zafi na gas ne, kuɗin haɗin gas na kullum yana nan ana biya ko an yi amfani ko ba a yi ba, don haka cikakkiyar ribar sai ranar da aka rabu da gas gaba ɗaya, wanda shi ne inda jihar ta dosa tun da ta hana haɗa gas a sababbin gidajen da ke buƙatar izinin tsara gini daga 1 ga Janairun 2024. Ya dace kuma a shiga shafin gwamnati na Victorian Energy Compare a sake duba tsarin farashin wutar da ake kai, tunda yanzu wutar ce ke ɗauke da nauyin ɗumama gidan.

Ɗan haya ba ya iya yin wannan aiki sai da yardar mai gida, amma yana da abin faɗa masa, domin dokar haya ta jihar ta wajabta kafaffiyar hita a babban ɗakin zama, kuma rangwamen yana rage wa mai gidan kuɗin sauya tsohuwa. Mazaunin bene mai gidaje da yawa yana buƙatar izinin ƙungiyar masu ginin kafin a maƙala komai a bangon waje. Wanda ke wata jiha kuma kada ya ɗauki ƙa'idojin Victoria ya auna kansa da su: New South Wales tana da nata shirye-shiryen, Energy Savings Scheme da Peak Demand Reduction Scheme, South Australia tana da Retailer Energy Productivity Scheme, kuma kowanne da sharuɗɗansa da adadinsa. Ko a Victoria ɗin ƙa'idojin suna sauyawa lokaci zuwa lokaci, shi ya sa kafin a sa hannu a kan kowace takarda ya kamata a buɗe shafin Essential Services Commission a nemi sunan kamfanin a jerin masu izini, a nemi lambar samfurin a rajistar kayayyaki, a kuma tambayi kamfanin a rubuce nawa ne rangwamen da zai fito a takardar biya ta ƙarshe.